Garkuwar Zuciya a Lokacin Maganin Ciwon Daji

  Da wanda ke gida, da wanda ke bakin sana'a, da wanda ke zaune gefen gadon majinyaci da rediyo a kunne, duka ina gaishe ku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Yau a shirinmu na kiwon lafiya maganarmu a kan zuciya take, amma ta ƙofar ciwon daji za mu shiga. Dalili kuwa shi ne, akwai wani magani da likitoci ke ba masu wannan lalura, wanda ya zama sanadin tsawon rai ga bayin Allah masu ɗimbin yawa, amma kuma idan ya taru a jiki ya wuce haddi yakan raunana zuciya. Sa'an nan akwai magani na biyu, wanda ba don kashe ciwon ake bayar da shi ba, sai don ya tsaya wa zuciya yayin da na farkon ke aikinsa. Sunan na farko doksorubisin. Sunan na biyu deksrazoksan. Kada nauyin sunayen ya dame ku. Na farko mu ce masa jan magani, na biyu mu ce masa garkuwa.

Shirin kashi biyar ne. Za mu san jan magani, mu ga yadda yake taɓa zuciya, mu ji labarin garkuwa, mu san wa ake ba ita, sa'an nan mu rufe da abin da ya rataya a wuyanmu.

To, bismillah, ga kashi na farko: mene ne jan magani?

Wanda duk ya taɓa raka ɗan uwa ɗakin da ake ba da maganin kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji da ake sa wa ta jijiya, ba zai rasa ganinsa ba. Ruwa ne ja wur, kamar zoɓon da aka tace. Malamar asibiti takan sa safar hannu, ta zauna kusa da majinyaci, ta riƙa tura shi sannu a hankali tana duban wurin allurar. Bayan an gama, fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Wannan launin maganin ne yake fita, ba jini ba ne, kada hankali ya tashi.

Asalinsa kuwa abin tsayawa a yi tunani ne ga mai lura da hikimar Ubangiji, domin daga turɓaya ya fito. A shekarun 1950, ma'aikatan wani kamfanin magani na Italiya mai suna Farmitalia suka ɗebo ƙasa kusa da wata tsohuwar fada da ake kira Kastel del Monte a kudancin ƙasar, suka tarar da wata ƙwayar halitta a ciki mai fitar da jan launi, daga cikin wannan launi aka sami magani na farko na wannan dangi, daga baya kuma, a ƙarshen shekarun 1960, aka sami doksorubisin, aka yi masa laƙabi da Adriamycin saboda tekun Adiriyatik da ke kusa da wurin. Amurka ta halatta amfani da shi a 1974. Tun daga lokacin har yau yana cikin manyan makaman likitoci a kan sankarar mama, da sankarar jini, da sankarar kaluluwa, da ta ƙashi, da wata sankarar ƙoda da ke kama ƙananan yara.

Saboda haka ku riƙe wannan tun kafin mu yi nisa. Jan magani alheri ne. Duk abin da zan faɗa nan gaba, ba hujja ba ce ta gudun asibiti.

Yanzu sai kashi na biyu: ta yaya yake taɓa zuciya?

Kun san mai shan kemo sumarsa takan zube, bakinsa ya yi miki, jininsa ya yi ƙasa. Waɗannan duka masu wucewa ne, gama suma tana sake tsirowa, ɓargo kuma yana sake ƙera jini. Amma tsokar zuciya ba haka Allah ya yi ta ba. Misalinta kamar haƙorin babban mutum ne: na yaro in ya faɗi wani ya fito, na babba in ya tafi sai giɓi. Ƙwayoyin tsokar zuciya ƙalilan ne ƙwarai ke sabuntuwa, ga shi kuwa ita ce gaɓar da ba ta hutu, tana bugawa kimanin sau 100,000 a kowace rana, muna barci tana aiki, muna salla tana aiki. Duk abin da jan magani ya ɓata a cikinta yana nan, na watan jiya ya haɗu da na wannan wata, na bara ya haɗu da na bana.

Zuciya ba ta manta lissafi. Ina so ku riƙe wannan kalma. Zuciya ba ta manta lissafi.

Wannan ne ya sa likitoci su ma suke nasu lissafin. Sukan auna tsawon mutum da nauyinsa, su fitar da faɗin jikinsa, su ƙididdige miligiram nawa ya sha a kan kowane murabba'in mita, tun daga allurar farko ta rayuwarsa. Daga nan gaba in kun ji na ce 300 ko 400, wannan ma'auni nake nufi. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa idan jimilla ta kai 400, kimanin mutum 5 cikin 100 zuciyarsu takan gaza. Idan ta kai 550, sai adadin ya haura zuwa 26 cikin 100. Idan kuwa ta kai 700, ya kusa rabi. Kun ga tun ana tafiya a sarari har a iso gangare. Shi ya sa aka yi wa maganin haddi, galibi tsakanin 450 da 550 a tsawon rayuwar mutum. Ga kuma abin kwantar da hankali: mata da yawa masu sankarar mama da aka gano da wuri, zagaye huɗu ake yi musu, kowane zagaye 60, jimilla 240, wato ƙasa da haddin da nisa.

To, mene ne sababin ɓarnar? Masana sun gano hanya biyu.

Ta farko ita ce ta ƙarfe. A jikin kowannenmu akwai sinadarin ƙarfe, shi ne ke cikin jini yana ɗaukar iska. Idan jan magani ya shiga ƙwayar tsokar zuciya ya gamu da wannan ƙarfe, sai su haifar da wasu abubuwa masu cin jikin ƙwayar daga ciki. Manomi ya san abin da ke samun fartanyar da aka manta a bayan ɗaki damina guda. Tsatsa ce ke cinye ta. To, kusan haka ne, sai dai wannan tsatsar a cikin zuciya take.

Ta biyu ita ce ta zare. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani dogon zare wanda aka rubuta bayanin halittar mutum a jikinsa, kuma kamar kowane zare yakan sarƙe. Sai Allah ya sanya wani ma'aikaci a wurin, masana na kiransa topo'aisomares, mu kuwa mu ce masa mai warwara, wanda aikinsa kamar na masaƙi ne idan zare ya cukurkuɗe masa: ya yanke, ya zare ƙullin, ya sake ɗaurawa. Dabarar jan magani ita ce ya cafke mai warwara daidai lokacin da ya yanke bai kai ga ɗaurawa ba, zaren ya zauna a tsinke, ƙwayar ta mutu. Idan a cikin ƙwayar ciwon daji ne, madalla, abin da ake nema ke nan. Amma zuciya ma tana da nata irin mai warwarar, jan magani kuwa ba ya tambayar na wane ne. A 2012 wasu masu bincike a birnin Hustan na Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wannan ma'aikaci daga zuciya, jan magani bai yi musu irin wannan lahani ba.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan maganin da ke kare zuciya lokacin da ake shan maganin ciwon daji. Ga kashi na uku: labarin garkuwa.

Deksrazoksan, wanda a jikin kwalba za ku ga an rubuta dexrazoxane, ko Zinecard, ko Cardioxane, a Landan aka fara harhaɗa danginsa, a ƙarshen shekarun 1960, a wata cibiyar binciken ciwon daji. Niyyar masu shi ita ce su sami sabon maganin kashe sankara, sai dai bai yi ƙarfin da aka yi fata ba ta wannan fuska, har aka kusa jingine shi. Amma da yake abin da mutum ya nema daban, abin da aka ƙaddara masa ya samu daban, sai wani masani a Amurka mai suna Eugene Herman ya lura, a farkon shekarun 1970, cewa zuciyar dabbar da aka ba wannan sinadari tana jure wa jan magani fiye da wadda ba a ba ba. Ya shafe shekaru yana maimaita gwajin a kan karnuka da wasu dabbobi. A 1988 likita James Speyer da abokan aikinsa a birnin Niyok suka buga sakamakon gwaji a kan mata masu sankarar mama da ta yi nisa, aka ga waɗanda aka haɗa musu da garkuwa zuciyarsu ta fi samun kariya ƙwarai. A 1995 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta halatta shi.

Yaya yake aiki? Ku tuna hanyoyi biyun nan. Idan ya shiga ƙwayar zuciya yakan rikiɗa ya zama abu mai damƙe ƙarfe, sai jan magani ya rasa abokin haɗa tsatsa. Sa'an nan kuma yakan riga jan magani isa wurin mai warwara, ya riƙe masa hannu, ya hana shi yanka a wannan ɗan lokaci, sai jan magani ya zo ya rasa abin cafkewa. Masana da yawa a yau suna ganin wannan ta biyu ita ce babbar hanyar.

Yadda ake bayar da shi kuwa, ta ƙarin ruwa ne, a asibiti, ba ƙwaya ba ce da za a aika yaro kemis ya sayo. Ana ba da shi ninki goma na jan magani: idan jan magani miligiram 100 ne, garkuwa 1,000. Yakan ɗauki kimanin minti 15 yana shiga, sa'an nan a bi shi da jan magani kafin minti 30 su wuce. Ku lura da wannan tartibi. Garkuwa ce gaba, jan magani a baya. Garkuwa kafin sara ake ɗaga ta. Deksrazoksan ba ya gyara zuciyar da ta riga ta lalace, kariya yake yi.

Amfaninsa kuwa tabbatacce ne. Gamayyar masana da ake kira Cochrane, waɗanda aikinsu shi ne tattara gwaje-gwaje su tace su, sun sami cewa a tsakanin manya yana rage aukuwar gazawar zuciya da kimanin kashi 80 cikin 100. A ɓangaren yara ma, likita Steven Lipshultz da abokan aikinsa sun buga wani gwaji a 2004 a kan yara masu sankarar jini, inda alamar raunin zuciya ta bayyana a jinin rabin waɗanda aka ba jan magani shi kaɗai, amma a cikin waɗanda aka haɗa wa da garkuwa kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai.

Mun iso kashi na huɗu: wa ake ba garkuwa, kuma mene ne aibinta?

Mai sauraro zai ce, to, tun da haka ne, me ya hana a ba kowa? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa uku ce.

Na ɗaya, ba kowa ke bukata ba. Asalin izinin da aka bayar a Amurka na mata ne masu sankarar mama da ta bazu, waɗanda lissafinsu ya kai 300 kuma likita ya ga akwai maslaha a ci gaba da jan magani. Bayan wannan, likitoci sukan duba shi tun daga farko ga wanda haɗarinsa ya yi yawa, kamar mai tsohon ciwon zuciya, ko wanda aka san tun farko zai sha mai yawa.

Na biyu, shi ma magani ne, kowane magani kuwa da nasa nauyi. Yakan ƙara rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, yakan sa zafi a wurin allura, yakan taɓa hanta na ɗan lokaci. Mai ciwon ƙoda rage masa ake yi. Mai juna biyu kuma wajibi ne ta faɗa wa likita, domin yana iya cutar da abin da ke cikinta.

Na uku, an daɗe ana saɓani a kansa tsakanin masana, kamar yadda malamai kan yi saɓani a kan mas'ala har hujja ta rinjayi hujja. An ji tsoron kada ya kare ciwon dajin kamar yadda yake kare zuciya, amma da aka tara gwaje-gwaje ba a ga ya rage tsawon ran marasa lafiya ba. An kuma ji tsoro, bayan wani rahoto na 2007 a kan yara masu sankarar kaluluwa, kada ya jawo wata sabuwar sankara daga baya, har hukumar magunguna ta Turai ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 a 2011. Sai dai da bincike ya ƙaru, aka bi yara masu yawa shekara da shekaru, hukumar ta sassauta hukuncinta a 2017, ta buɗe ƙofa ga yaran da ake sa ran lissafinsu zai wuce 300.

Ban da wannan, magani ne mai tsada, ba kuma kowane asibiti ke da shi ba. Amma rashinsa ba ya nufin an bar zuciya ba mai tsaro. Likita yana iya tsayawa kafin haddi, ko ya sa jan magani ya shiga a hankali cikin sa'o'i masu yawa, ko ya yi amfani da nau'insa da aka lulluɓe da maiƙo, ko ya canza magani ɗungum, ko ya haɗa da magungunan zuciya.

Akwai wani aiki na dabam da garkuwa ke yi. Idan jan magani ya kuɓuce daga jijiya ya zuba cikin tsoka, yakan ci naman wurin ya bar mummunan gyambo. Deksrazoksan yana hana wannan, in an fara shi cikin awa 6, a yi kwana uku a jere. Saboda haka, Hajiya, Malam, in ana tura jan magani kuka ji wurin allura yana zafi ko ƙuna, wannan ba wurin kara ba ne. Ku yi magana nan take.

Ga kashi na biyar, na ƙarshe: abin da ya rataya a wuyanmu.

Bari in kawo misali. A ce wata baiwar Allah ta sha jan magani zagaye huɗu a wani gari, ta sami sauƙi, bayan shekara uku ciwon ya dawo, 'yarta ta kai ta wani asibiti a wani garin. Likita ya ce, "Mama, an taɓa yi miki jar allurar nan?" Ta ce, "An yi, likita." Ya ce, "Sau nawa?" Ta dubi 'yarta, 'yar ta ce, "Wallahi Umma, katin ya ɓace tun da muka tashi daga tsohon gida." To, kun ga an bar likita cikin duhu, alhali ita zuciyar tana riƙe da lissafinta daidai. Don haka abu na farko: ku adana takarda. Sunan magani, da adadinsa, da ranar da aka sha. A sa a leda, a ajiye inda ake ajiye takardar gida, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Abu na biyu, ku nemi a duba zuciya kafin a fara. Akwai hoton da ake kira eko, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura a ƙirji a ga yadda zuciya ke matsa jini. Ba zafi, ba yanka. A maimaita shi yadda likita ya tsara, musamman a shekarar farko bayan an gama, domin wani nazari da aka yi a Milan ta Italiya a kan mutum 2,625, aka buga a 2015, ya nuna cewa kusan duk raunin da aka gani, a cikin wannan shekara ta farko ya bayyana, kuma da yawa sun farfaɗo da aka fara musu maganin zuciya da wuri. Wanda aka yi wa magani yana yaro kuwa, bibiyarsa har girma ce.

Abu na uku, ku faɗa wa likita tarihinku duka. Hawan jini, ciwon suga, gashi da hasken na'ura a ƙirji, duka suna ƙara haɗari. Iyayena mata, ku saurara da kyau a nan. Ciwon zuciyar da ke kama mace bayan haihuwa, mai sa kumburi da haki, sananne ne a ƙasar Hausa, likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Wadda ta taɓa yin sa, ko da ta warke sarai, ta faɗa kafin a sa mata jan magani. A rage gishiri da kanwa, a bar taba, kuma duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake sha a gida a sanar da likita.

Abu na huɗu, ku san alamomi. Haki a kan ɗan aikin da da ba ya sa haki. Kasa kwanciya sai an tara matasai. Farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa. Kumburin ƙafa har takalmi ya ƙi shiga. Bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba. In an ga ɗaya daga ciki, a tafi asibiti, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.

Abu na biyar, ku yi tambaya, da ladabi amma ba da tsoro ba. "Likita, lissafina ya kai nawa? Yaya zuciyata take? Ina bukatar maganin kare zuciya?" Tambaya uku ke nan, kuma haƙƙinku ne a amsa muku.

Jama'a, malamanmu sun karantar da mu cewa jiki amana ne, kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, riƙon sababi kuma ba ya warware tawakkali. Wanda aka rubuta wa jan magani ya je ya karɓa, kada tsoron abin da ka iya samun zuciya gobe ya sa ya bar ciwon da ke cinsa yau. Amma ya tafi da katinsa a hannu, da tambayarsa a baki. Zuciya ba ta manta lissafi, garkuwa kuma kafin sara ake ɗaga ta. Wanda ya ji wannan shiri, ya isar wa wanda bai ji ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa, ya saka wa masu jinya da ma'aikatan asibiti da alheri.